Sabon Inji, Tsohon Birki

A rumfar mai gyaran keken lantarki, wani mai kai saƙo yana ta huci, wani dattijo na gefensa a kan benci.

"Baba, kayan yanzu duk na banza ne. Shekara biyu kacal, birki ya mutu."

"Haka kawai?"

"Na dai sa wa keken nawa babban inji. Yanzu ko babur ba ya kamo ni."

"Birkin fa, ka canza?"

"A kan me? Ai da shi ya zo. Jiya ma da na kwashe wani mai ƙwai a kwana, laifin masu ƙera shi ne."

"Ka tsaya?"

"Da me zan tsaya, Baba?"

Dattijon ya naɗe hannun riga, bandeji ya bayyana.

"Kiret shida ka fasa min, ɗana. Yau dai ka tsaya."