Tarin da ya kore mini masu sayen ƙosai

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Ni ce Talatu mai ƙosai daga Darki.

Sati huɗu na yi ina tari, har masu saye suka guje ni, wai tibi ne, wato tarin fuka. A asibitin Wudil likita ya gwada ni, ya ce, "Baba, ba tibi ba ne, hanyar numfashinki ce ta kumbura. Ki sha magani, ki nisanci hayaƙi." Alhamdu lillahi, na warke.

Abin da ya ɗaure mini kai, mahaifiyata a bakin murhun nan ta tsufa, ba ta taɓa yin irin tarin nan ba. Me ya bambanta ƙirjina da nata? Don Allah a tambayar mini masana, domin gobe ma sai na hura wuta.