Hoton Baba a Shagon Yaƙi

Kwandon tumatir shida na sayar a bakin titin Kura na yi kuɗin motar Legas. Ku matso inuwa in ba ku labari, ai ruwan ban-ruwa bai iso gonarku ba tukuna.

Ranar tafiya Inna ta buɗe kwalla ta ciro hoton Baba cikin kakin soja, shi kaɗai muke da shi. Tana da cikina ya tafi yaƙin basasa, bai dawo ba, kuma ba wanda ya zo ya ce ga inda ya faɗi. Ta ce, "Sule, ka nuna wa tsofaffin sojojin can, ko wani ya san shi."

Aiki na samu a wani shago, wai shi galari. Bangon ɗakin kewaye yake da zanen yaƙin nan, hayaƙi da motoci da gawarwaki birjik. Oga mai shagon yana buga shi ƙanana a kati da faranti da kofin shayi, sunansu wai subaniya. Masu kuɗi tara su suke yi, ka ji mutum yana ƙorafin bai samu na yaƙin gada ba. Na ga matar da ta sayi kofi mai gawa a jiki tana murna.

Ni aikina in jiƙa sabon kati a ruwan shayi, in kara shi a hayaƙi, ya fito kamar ya shekara hamsin. Haka ake yin orijina, wato na asali, a birni.

Wautata, na nuna wa Oga hoton. Ya ce ya san wani tsohon manjon soja, in ba shi aro ya nuna masa. Wata guda shiru. Sai ga sababbin katuna an kawo in jiƙa, na duba sojan da ke kwance a bakin kogi, fuskar Baba ce, har tsagen. Ashe daga hoton Oga ya sa aka kwaikwayi fuskar a wani sabon babban zane.

Na ce, "Oga, ina hotona?"

Ya ce, "Wani ya saye shi haɗe da babban zanen. Ai ubanka ya shiga tarihi, gode mini ya kamata ka yi."

Na cakumi wuyansa, masu gadi suka watso ni waje. Kati ɗaya na tsira da shi a aljihu.

Da na iso gida Inna ko ruwa ba ta bari na sha ba, ta miƙo hannu. Na ba ta katin. Ta kai shi kusa da ido ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ashe a bakin ruwa ya faɗi. Alhamdulillahi, bai tafi da ƙishirwa ba."

Ta ninke shi a tsumma ta mayar kwalla. Har ta rasu ban iya gaya mata zanen ƙarya ne ba.