Na Ɓoye Ƙwayar Ɗana Ƙarƙashin Gado

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da ku masu saurare. Ni ce Hajara daga Zurmi. Don Allah ka karanta wasiƙar nan yadda take, kada ka rufa min asiri.

Ɗana Sanusi yana kabu-kabu tsakanin Zurmi da Kaura Namoda. Ranar kasuwar da ta wuce ya faɗo gida yana haki, ya cusa min leda cike da tiramol, ya ce, "Inna, jami'an hana shan ƙwaya na bayana!" Na tura ledar ƙarƙashin gadona.

Da suka iso na tare bakin zaure, na ce, "Gidan matan aure ne, ba shiga." Babbansu ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, ki taimake mu. Akwai inda ake yi wa irinsu magani." Na rantse ban san komai ba. Suka ga girmana, suka juya. Kuma da hannuna na mayar wa Sanusi ledarsa.

Shekaranjiya ya sha, ya ɗauko ɗiyar maƙwabciyata daga makaranta, suka faɗi a hanya. Shi ƙujewa kawai ya yi, ita tana asibiti da karaya a ƙafa. Uwarta ta riƙe hannuna tana cewa ƙaddara ce. Na kasa kallon idonta.

Jama'a, ku ba ni shawara: in kai shi wurin jami'an da kaina? Mutanen nan sun ji kunyar ƙofata, ni ce ban ji kunyar Allah ba.