Zif Ɗin Da Ido Ba Ya Gani

Shugaban wannan taro, malamarmu mai haƙuri, manyan baƙi, iyalanmu da suka zo su tabbatar ko da gaske aji muke zuwa, 'yan'uwana ɗaliban ajin Turanci na manya, masu furfura da masu rina ta, assalamu alaikum.

Ina godiya da kuka zaɓe ni, ni tela, in yi magana a madadin ajinmu a wannan rana ta yaye mu. Maganata biyu ce.

Ta farko, abin da ya kawo ni aji da gemuna. Bara wata likita baƙuwa, wadda ba ta jin harshenmu, ta kawo mini yadi in ɗinka mata rigar da za ta sa ta yi jawabi a taron likitoci. Ta rubuta a takarda: "invisible zip". Zif dai na san shi, shekara talatin ina saka shi. Ɗayar kalmar ce ta gagare ni. Sai na je wurin maƙwabcina mai gyaran rediyo, wanda duk layinmu muka yarda ya iya Turanci saboda yana sa tabarau.

Ya ce, "Ai ma'anarta abin da ido ba ya gani, kamar iska."

Na ce, "To, ta yaya ake saka zif na iska?"

Ya ce, "Ba a sakawa. Shi ya sa ba a ganinsa."

Jama'a, na ɗinke rigar nan ruf, gaba da baya. Ta zo karɓa saura awa biyu taronta, ta shiga bayan labule ta gwada. Kai ya shiga, kafaɗa ta ƙi. Hannuwa a sama, riga ta rufe fuska, tana ta zuba wani Turanci da har yau malama ta ƙi fassara mini. Matata ce ta cece ta da almakashi. Na saka zif nan take, ta karɓa ta fita, ban sake ganin ko inuwarta ba.

Ta biyu, abin da na samu a aji. Malama ta nuna mana ɓoyewa iri-iri ce. "Hidden", abin yana nan, sakaya shi aka yi, kamar aljihun cikin riga; ashe irin zif ɗin da likitar nan take nufi ke nan. "Missing", babu shi sam, wato aika-aikar da na yi. "Secret" kuwa, ka sani amma ka kama bakinka, kamar faɗin tumbin shugaban taro, wanda daga ni sai tef ɗin awona muka sani. Ranka ya daɗe, kwantar da hankalinka, ba zan faɗa ba.

Don haka ina roƙonku, 'yan'uwa masu sana'a, kada girma ya hana ku zama a benci, kada kunya ta hana ku cewa ban gane ba.

Allah ya saka wa malamarmu da alheri, ya ƙara mata haƙuri da aji mai zuwa. Allah ya mai da kowa gida lafiya, ya rufa mana asiri duniya da lahira.

Na gode.