Katangar Frane Mai Jaki

A tashar jirgin ruwa ta garin Shibenik na ji wata mata tana yi wa wani tsoho magana, suna jiran jirgin tsibiri.

"Baba, katangun dutsen tsibirin can kyau gare su. Hoto zan je ɗauka."

"Kyau? Yarinya, duwatsu ne kakanninmu suka tsince don inabi ya samu ƙasa, suka rasa inda za su zubar."

"Ai yanzu kayan tarihi ne."

"Haka ake kiran gona in masu ita sun gudu."

Matar ta sauke wayarta, ta dube shi.

"Mahaifina ma ɗan can ne. Frane Mai Jaki ake ce masa. Ban taɓa zuwa ba."

"Frane? Shekara ashirin ina tayar da katangarsa duk sanda ruwa ya kayar da ita. Ajiye wayar nan, 'yata. Yau ke za ki ɗauki dutse, bayana ya gaji."