Babin Ƙarshe Ya Maƙale a Tablet

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Hafsatu ce daga Goron Dutse, raina a ɓace yake.

Akwai shafin da nake sauraron littafin soyayya a tsohuwar kwamfutarmu. Maigidana ya bayar da ita, ya kawo mini tablet, wai ci gaba. Ranar babin ƙarshe na tara matan gidanmu, har awara na soya. Ina dannawa, sai baƙin allo! Mai gyara ya ce, "Hajiya, wata manhaja shafin yake buƙata kafin ya buɗe, tablet kuwa ba ta ɗaukarta."

To don me aka ƙera ta? Jama'a, ina mafita? Mata sun cinye awarar da na soya sun watse, ni kuwa har yau ban san ko jarumar ta farfaɗo ba.