Hirar Kicin

A tashar bas ta San Antoniyo, ana jiran motar Laredo, wata dattijuwa ta leƙa littafin budurwar da ke kusa da ita.

"'Yar nan, Sifaniyanci kike koyo? Da wannan fuskar taki irin ta mutanenmu?"

"E, Inna. Aikin jinya nake karantawa a jami'a, sai na haɗa da shi."

"Ikon Allah! Abin da ake sha a nono kike nema a aji?"

"Ba a koya mana a gida ba. Duk Kirsimeti mata kan taru a kicin ɗin kakata ana naɗe tamale, wato ƙullun masara a cikin ɓawonta. Su yi ta hira suna ƙyalƙyala dariya, ni ina gefe ina wanke ɓawon masara. Kakar tawa shekararta tamanin da tara. So nake in yi dariya tare da ita ko sau ɗaya, ba sai an fassara mini bayan zancen ya huce ba."

"Ai hirar kicin ba ta cikin littafi, gulma ce zalla. Amma iyayenki sun yi sakaci."

"Naki 'ya'yan suna ji?"

Dattijuwar ta gyara jakar da ke kan cinyarta.

"A zamaninmu kalma ɗaya ki yi da Sifaniyanci a makaranta, sai duka. Na rantse nawa ba za su sha shi ba."

"To da wa kike hira in kina girki?"

"Da rediyo."

Aka kira fasinjoji. Ta miƙe, ta kamo hannun budurwar.

"Rufe littafin nan, kusa da ni za ki zauna. Da gulmar matar ɗana zan fara miki, kuma ba da Turanci ba."